Yadda Kwamfuta Ta Ke Gwada Jeri Biyu, Ta Ce Daidai Su Ke Ko Ba Daidai Ba

Wannan 'yar takarda an shirya ta ne domin Iyayen Ƙasa da Hakimai da malamansu na Wurno da Rabah da Goronyo, da kuma duk wanda aikinsa ya shafi riƙon sunayen talakawa a rubuce. Dalilin shirya ta kuwa shi ne, yanzu sau da yawa a kan kawo wa Uban Ƙasa takarda daga ofis, a ce masa, "Ranka ya daɗe, na'ura ta gwada, daidai ne, sa hannu kawai ya rage." Shi kuwa ba ya son yaro ya ga kamar bai san abin da a ke nufi ba, sai ya sa. To, hannun nan da ya sa shi ne shaida. In daga baya aka tarar sunan wani ya ɓace daga rabon taki, ko an rubuta wa wani gonar wani, ba wanda zai tafi ya tuhumi kwamfuta. A ƙofar gidan Uban Ƙasa za a taru.

Saboda haka ya kamata a san abin da na'urar nan ta ke yi sa'ad da aka ba ta jerin sunaye biyu aka ce ta gwada. Ba wani abu ne mai wuyar ganewa ba. Duk malamin da ya taɓa riƙe littafi ya rigaya ya san rabinsa.

Ruwa da takarda

Madatsar Ruwa ta Goronyo an gama gininta a 1984, a kan Gulbin Rima, aka buɗe ta a 1992. Tsayinta mita 21 ne, tsawonta kilomita 12 da rabi, tana kuwa iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce ke lura da ita. Kowa ya san albarkar da ruwan ya kawo wa masu noman rani, na shinkafa da albasa da tafarnuwa. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, duk inda ruwan gwamnati ya bi, takarda tana biye da shi. Akwai jerin manoma, da jerin faɗin gonar kowa, da na waɗanda suka biya kuɗin ruwa, da na masu karɓar taki da iri. A watan Satumba na 2010, da ambaliya ta ci garuruwa da gonaki a ƙasan madatsar, sai da aka yi jerin waɗanda abin ya shafa kafin a yi maganar gudummawa.

Kowane jeri kuwa ba wuri guda ya ke zama ba. Ɗaya yana hannun malamin Uban Ƙasa, ɗaya yana ofishin ƙaramar hukuma, ɗaya yana wajen ma'aikatan ruwa, wani ma yana can Sakkwato ko Abuja. Da zarar abu ya kasu gida biyu, tilas wata rana a tambaya ko har yanzu bakinsu ɗaya.

Wannan tambaya ta daɗe a ƙasar nan. A zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, malamin haraji ya kan bi gida gida yana rubuta masu biya, na jangali kuma ya ƙidaya shanu, sa'an nan a gwada abin da ke cikin littafi da abin da ya shiga baitulmali. In suka saɓa, magana ta tashi ke nan, ba kuwa ƙarama ba. Marigayi Sir Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Rabah, aka kuma naɗa shi Sarkin Rabah a 1934, shi kansa an zarge shi a kan kuɗin jangali a 1943, lokacin yana Sardauna a Gusau, sai da ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya aka wanke shi. In maganar lissafi ta iya taɓa mutum kamar wannan, ina ga malamin da ba shi da kowa?

Tun kafin En'e ma akwai aikin. Littattafan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya zauna a Wurno ya kuma rasu a can a 1837, da hannu aka yi ta kwafarsu. In marubuci ya gama, sai ya sami ɗan'uwansa, ɗaya ya riƙe asali yana karantawa, ɗaya yana bin kwafi da ido, kalma bayan kalma. Malamai suna ce da wannan aiki muƙabala, ko da ya ke yau in an ce muƙabala sai hankalin mutane ya tafi ga gardamar malamai a gaban jama'a. Aikin nan na mutum biyu shi ne aka ɗora wa kwamfuta. Ta fi su sauri nesa ba kusa ba, amma ba ta da hankalin da za ta ce, "Tsaya, ai wannan Garban shi ne Abubakar."

Mene ne jeri a wajen kwamfuta?

Kwamfuta ba ta yin kome sai da umarni, umarnin kuwa da waɗansu harsuna na musamman a ke rubuta shi. Suna da yawa, amma uku za mu fi ambata. Akwai Python, wanda wani mutumin Holan, Guido van Rossum, ya fitar a 1991. Akwai Java, wanda kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya fitar a 1995, da shi aka rubuta manhajoji masu yawa na wayar hannu. Akwai kuma JavaScript, wanda Brendan Eich ya tsara a 1995 ɗin dai, shi ne ke aiki a bayan shafukan intanet inda a ke cike fom. Sunan biyun nan na ƙarshe ya yi kama, amma harsuna ne dabam dabam.

A cikin kowannensu akwai abin da za mu kira jeri. Ku ɗauka kamar rumfunan kasuwa ne a layi ɗaya, kowace rumfa da lambarta, kowace da abin da aka ajiye a ciki. Rumfar nan ita za mu riƙa kira gurbi. A kan rubuta jeri haka, [3, 5, 8], watau gurbi uku, na fari da 3 a ciki, na biyu da 5, na uku da 8.

Ga wani ɗan abu da ya kan rikita malamai. Harsunan nan uku daga sifiri su ke fara ƙirga gurbi, ba daga ɗaya ba. Tsohon harshen nan Fortran na 1957 daga ɗaya ya ke farawa, irin namu, amma na bayansa da yawa ba su bi shi ba. Saboda haka in takarda ta fito ta ce akwai saɓani a gurbi na 16, mai yiwuwa ne suna na 17 a ke nufi a littafinka. Tambayi mai na'urar daga nawa ya fara ƙirga kafin ka aika a kirawo mutumin da ba ruwansa.

Littafi ɗaya ne, ko biyu?

Nan ne gindin maganar, nan kuma za mu ɗan daɗe.

Kalmar "daidai" tana ɗauke da tambaya biyu. Ta fari, wannan shi ne wancan? Ta biyu, wannan kamar wancan ya ke? A 1934 in wani ya ce Ahmadu, wani ya ce Sarkin Rabah, mutum ɗaya su ke nufi, suna ne kawai biyu. Amma Hassan da Husaini, ko da uwarsu ce kaɗai ke iya bambanta su, mutum biyu ne. Kama da wane ba ta wane.

Kwamfuta tana ajiye kowane jeri a wani wuri cikin ƙwaƙwalwarta, wurin kuwa yana da adireshi, kamar yadda gida ke da shi. Sunan da mai rubuta umarni ya ba jerin ba ya riƙe da jerin kansa, adireshin kawai ya ke riƙe da shi. To, a JavaScript, in aka rubuta [3, 5, 8] == [3, 5, 8], amsar da za ta fito ita ce a'a, ba daidai ba ne. Mai karatu zai ce wannan ai hauka ne, ga abu a fili. Amma ba ƙarya na'urar ta yi ba. Adireshi ta duba, ta ga gida biyu ne, ta amsa tambaya ta fari. Ko leƙa abin da ke ciki ba ta yi ba. Haka Java ma ya ke yi da alamar nan ta ==. Wanda ke son a duba ciki a Java sai ya kira wani umarni dabam mai suna Arrays.equals. Shi kuwa Python, in aka ba shi alamar nan, cikin jerin ya ke dubawa, ya ce daidai ne. In adireshi a ke so ya gwada, da kalmar is a ke tambayarsa. Kun ga alama ɗaya ce, ma'ana biyu, gwargwadon harshen da aka yi aiki da shi.

Kuskuren da ke fitowa daga nan iri biyu ne. Na fari shi ne na'ura ta ce littafin Uban Ƙasa ya saɓa da na ofis, alhali ko ɗigo bai bambanta ba. Wannan yana jawo ɓacin rai da zargi, amma ba ya daɗewa, domin da an buɗe littattafan za a gani.

Na biyu shi ne mugun, domin ba ya ƙara. A ce yaro mai aikin na'ura yana son ya ajiye kwafin jerin manoma kafin a yi gyara. Sai ya rubuta b = a, yana tsammani ya yi kwafi. Alhali bai yi ba. Suna na biyu kawai ya raɗa wa littafi ɗaya. Duk abin da aka soke ta sunan a, ya soku ta sunan b, tun da ya ke abu ɗaya ne. In an cire mutum goma, sa'an nan aka zo gwada sabon jeri da "tsohon", na'ura za ta ce daidai su ke, za ta kuma faɗi haka ko sau dubu aka tambaye ta. An sa mutum ya tsaya gaban madubi ne a ce ya nemo bambanci. Na taɓa ganin irin wannan a wani ofis da ba sai na faɗi sunansa ba. Mako biyu muna murna lissafinmu ba ya saɓawa, har ran da wani dattijo ya zo da rasit a hannu, muka neme shi a sabon jeri babu, a tsohon ma babu. Littafin takarda na malamin garinsu ne ya fid da mu kunya.

Saboda haka tambaya ta fari da Uban Ƙasa zai yi ita ce, "Abu biyun nan da ka gwada, daga ina kowanne ya fito?" In amsar ta zama wuri ɗaya, ba a gwada kome ba.

Gurbi da gurbi

In an tabbata littafi biyu ne, ga yadda na'ura ta ke bi. Da fari ta ƙirga tsawonsu. In ɗaya yana da suna 400, ɗaya 399, magana ta ƙare, ba daidai ba ne. In tsawo ya zo ɗaya, sai ta ɗauki gurbin fari na nan da gurbin fari na can ta gwada, ta wuce na biyu, ta wuce na uku. Da ta ci karo da saɓani guda sai ta tsaya cak, ta ce a'a.

Lura da wannan tsayawa. Amsar "ba daidai ba" ba ta faɗin yawan kuskure. Yana yiwuwa ɗaya ne, yana yiwuwa ɗari ne. Wanda ke son ya san adadinsu sai ya nemi a rubuta umarnin da zai bi har ƙarshe yana fid da kowane saɓani. Can ma akwai tarko. In suna na 3 ne ya faɗi daga cikin 400, duk na bayansa sun matso gaba da gurbi ɗaya, sai takarda ta fito da saɓani 397. Uban Ƙasa ya gani hankalinsa ya tashi, ya ce malaminsa ya lalata littafi, alhali kuwa layi ɗaya tak ya tsallake, wataƙila lokacin da aka kira salla.

Akwai kuma wata tsohuwar al'ada ta malamai, ta duba jimla kawai. In jimlar eka ta nan ta yi daidai da ta can, sai a rufe littafi. Amma 2 da 3 da 5 goma ne, 1 da 4 da 5 ma goma ne. An ɗebe eka ɗaya daga gonar wani an ƙara wa maƙwabcinsa, jimla ba ta motsa ba. Saɓanin jimla yana nuna akwai kuskure, amma daidaituwarta ba ta nuna babu.

Wa ke gaba, wa ke baya?

A ce malamin Uban Ƙasa ya rubuta Audu, Garba, Tanko, na ofis kuma ya rubuta Garba, Audu, Tanko. Daidai ne ko ba daidai ba? Na'ura in an bar ta da halinta za ta ce a'a, domin gurbin fari ya saɓa. Mutum kuwa zai ce, ya danganta. In jerin rabon taki ne, kowa buhu ɗaya, ba kome wanda aka fara rubutawa. In kuwa jerin bi da bi ne na sakin ruwa a magudana, wanda ke gaba yau zai sha, wanda ke baya sai jibi, kuma mai albasa ya san abin da kwana biyu ke yi wa shuka a cikin zafin bazara. Wannan hukunci ba na na'ura ba ne. Wanda ya san abin da a ke rabawa shi zai faɗa mata.

In tsari bai dame mu ba, dabarar da a ke yi ita ce a fara jera kowane littafi bisa haruffa, daga A zuwa Z, kana a gwada gurbi da gurbi. Dalilin haka sauƙi ne. Jeri mai suna 10,000, in za a ɗauki kowane suna a neme shi cikin ɗaya jerin tun daga sama, gwajin yana iya kai wa miliyan 100. In an fara jerawa, kowane littafi ba zai ci gwaji 150,000 ba. Sai dai a yi jerawar a kan kwafi na gaskiya, domin umarnin jerawa na waɗansu harsuna a kan littafin kansa ya ke aiki, tsohon tsari ya tafi ke nan. JavaScript kuma yana da wata ɗabi'a, in ba a gargaɗe shi ba sai ya jera lambobi kamar kalmomi, ya sa 10 a gaban 2, don ya ga 1 a farkonta.

Wata dabara da samari ke so, don ta fi gajarta, ita ce a tambayi na'ura, duk sunan da ke nan yana can, duk wanda ke can yana nan? Ku yi hattara da ita ƙwarai. Ga littafi na fari, Audu, Garba, Garba. Ga na biyu, Audu, Audu, Garba. Tsawonsu ɗaya. Kowane suna na nan yana can. Na'ura za ta ce daidai. Amma a na biyun Audu ya ci buhu biyu, Garba ɗaya ya koma gida hannu rabbana. A ƙasar da unguwa ɗaya za ka sami Bello biyar da Shehu bakwai, tilas a ƙirga sau nawa kowane suna ya fito. Abin da ya fi shi ne a haɗa suna da lamba wadda ba mai irinta, kamar lambar shaidar ɗan ƙasa mai alƙaluma 11, a riƙa gwadawa da ita.

Haruffanmu masu lanƙwasa

Na'ura ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Kowane harafi an yanka masa tasa. Babban A lambarsa 65, ƙaramin a kuwa 97, saboda haka a wajenta "Audu" da "audu" mutum biyu ne. Tsarin da duniya ke bi yanzu, mai suna Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, ya ba haruffanmu na Hausa lambobinsu. D lambarsa 68, Ɗ kuwa 394. K lambarsa 75, Ƙ kuwa 408. Abin murna ne da aka san da mu, amma ga inda ya ke cizo. Malami mai kula ya rubuta Ɗanladi, na ofis wanda allon bugunsa ba shi da mai lanƙwasa ya buga Danladi. Ido ya ga mutum ɗaya, na'ura ta ga biyu. Haka 'yar da mu ke rubutawa da ɗan waƙafi a sama, maƙwabtanmu na Nijar da harafi guda su ke rubuta ta, ƴar. Haka Sakkwato da Sokoto, haka Rabah da Raba. Har ma fili, watau in yatsa ya taɓa maɓallin tazara bayan an gama suna, wannan filin da ba a gani shi ma harafi ne mai lamba, ya isa ya raba suna biyu.

Waɗannan duk ana iya maganinsu. A kan sa na'ura ta fara wanke jerin biyu da sabulu ɗaya, ta share filin banza, ta mai da haruffa duka ƙanana, kana ta gwada. Masu aiki da Excel su sani alamar = a can ba ta kula da babban harafi ko ƙarami, umarnin EXACT shi ke kula. Amma akwai abin da ba sabulun da ke wankewa. Abubakar shi ne Garba, shi ne Buba. Usman shi ne Shehu. Muhammadu shi ne Mamman. Mutum ya ba malamin garinsu sunan da a ke kiransa da shi, ya ba ofis sunan yanka. Wannan sai mai unguwa, wanda ya san shi ya san ubansa.

Lambar waya ma tana da nata. Lambobinmu da sifiri su ke farawa. In aka ajiye su a matsayin rubutu, sifirin yana nan. In aka ajiye su a matsayin adadi, sai na'ura ta ga sifirin gaba ba shi da amfani ta yar da shi, alƙaluma 11 su koma 10.

Ɓangaren lamba, da gurbin da ba kome

Wannan zai ba malaman lissafi mamaki. In ka ce wa Python ko JavaScript ya tara 0.1 da 0.2, ba 0.3 zai ba ka ba, 0.30000000000000004 zai ba ka. Dalili kuwa, na'ura da alƙaluma biyu kaɗai ta ke ƙirga, sifiri da ɗaya, ba ta iya riƙe ɗaya bisa goma cif cif, kamar yadda mu ma ba mu iya rubuta sulusi da ɗigo sai mu yi ta jera 0.3333 har takarda ta ƙare. Ƙa'idar da a ke bi kan wannan, mai suna IEEE 754, tun 1985 aka kafa ta. Saboda haka faɗin gona da aka samu ta hanyar tarawa yana iya saɓa wa wanda aka buga kai tsaye da abin da bai kai ƙwayar gero ba, na'ura kuma ta ce ba daidai ba.

Maganin kuɗi shi ne a ajiye shi da kwabo, lamba cikakkiya ba ɗigo. Maganin awon gona kuwa shi ne a yanka iyaka, a ce saɓanin da bai kai kaza ba a ɗauke shi daidai. Amma wa zai yanka kazan? In aka bar wa yaron ofis ya sa rabin eka don takardarsa ta fito da tsabta, an yafe rabin ekar talaka ba da saninsa ba. A tabbata kuma ma'auni ɗaya a ke magana a kai, gama hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi.

Gurbin da aka bari ba a rubuta kome ba, shi ma dabam ya ke da wanda aka rubuta sifiri. Sifiri yana cewa mutumin bai biya ba. Gurbi wofi yana cewa ba a rubuta ba. In manhaja ta haɗe su, wanda ya biya aka manta rubutawa ya zama mai bashi.

Jeri cikin jeri

Littafin gaske ba sunaye kaɗai ba ne. Kowane layi yana da suna, da gari, da faɗin gona, da abin da aka biya. Watau kowane gurbi na babban jeri shi ma ɗan ƙaramin jeri ne. A nan tambayar nan ta Hassan da Husaini ta kan sake dawowa ta bayan gida. Arrays.equals na Java yana buɗe babban jeri, amma in ya iske ƙananan jeri a ciki sai ya koma gwada adireshinsu, ya ce a'a. Sai an kira Arrays.deepEquals kafin ya shiga har ƙurya. Python da kansa ya ke shiga. Amma wajen kwafi shi ma yana da rami, domin kwafinsa na yau da kullum sabon bango kawai ya ke yi, takardun ciki na tsohon littafin ne. In an gyara layi a nan, ya gyaru a can.

Hatimi

In littafi ɗaya yana Goronyo ɗaya yana Abuja, ba lalle sai an aika da shi duka ba. Akwai wani lissafi mai suna SHA-256, wanda aka fitar a Amurka a 2001. A kan zuba masa littafi kome girmansa, ya fid da layi guda mai alama 64. In an sāke ko da harafi ɗaya a cikin littafin, layin nan ya kan birkice gaba ɗaya. Sai kowane ofis ya fid da nasa, a gwada ta waya. In sun zo ɗaya, littattafan ɗaya ne. Uban Ƙasa yana iya neman a buga wannan layi a ƙasan takardar da zai sa wa hannu, ya ajiye kwafi. Ran da aka zo da wani littafi aka ce shi ne wanda ya amince da shi, sai a fid da hatiminsa a gani. Sai dai hatimin ba ya nuna inda aka taɓa, cewa kawai ya ke yi an taɓa.

In an sami saɓani

Kada malami ya gyara littafinsa don ya bi na ofis, kada na ofis kuma ya gyara nasa don ya bi na malami, har sai an san wanda ke da gaskiya. Sau da yawa a kan ɗauka na cikin na'ura shi ne sahihi, don ya fito da bugu mai kyau. Alhali daga hannun wani malami aka kwafe shi, mai bugawa kuma yana gajiya kamar kowa. Littafi biyu ma suna iya zuwa daidai harafi da harafi, su kuma zama duka kuskure, in daga gurɓataccen asali ɗaya aka ɗauko su.

Abin da ya kamata shi ne a nemi takardar saɓani a rubuce, layi layi, ga abin da wannan ya ce, ga abin da wancan ya ce. A samanta a rubuta ranar da aka yi gwajin, da inda kowane jeri ya fito, da adadin sunayen kowanne, da ko an kula da tsari ko ba a kula ba, da iyakar da aka yanka wa awo. Sa'an nan a kai takardar garin da abin ya shafa, a tara masu unguwa, a karanta sunayen da ƙarfi a gaban jama'a, kamar yadda a ke yi tun da. Wanda aka tabbatar, a gyara littattafan biyu rana ɗaya, a ja layi ɗaya a kan tsohon rubutu yadda zai karantu, kada a kankare, mai gyara ya sa hannu a gefe. Bayan haka a sake ba na'ura ta gwada tun daga gurbin fari, kana a kawo wa Uban Ƙasa.